Saudiyya: Gyaran dokar kafala da ya tsallake 'yan aikin gida

Tun ranar 14 ga Maris, 2021 Saudiyya ta sassauta tsarin kafala. Ma'aikacin kamfani da ya cika shekara guda yana iya sauya wurin aiki ba sai kafili ya amince ba, yana kuma iya neman bizar fita da kansa ta manhajar Absher.

Sai dai gyaran bai haɗa da 'yan aikin gida, direbobin gida, makiyaya da ma'aikatan gona ba, alhali aikatau ne ke kai matanmu da dama can.

Babban makamin kafili shi ne "hurub". Idan ya kai rahoton cewa 'yar aikinsa ta gudu, zamanta na iya saɓa doka: kamu, tsarewa a tarhil, sai koro gida. Tsoron haka ke sa mace haɗiye albashin watannin da ba a biya ta ba.

Riƙe fasfon ma'aikaci kuwa laifi ne a dokar ƙasar, ko da dillali ya ce haka ake yi. Mai shirin tafiya ta tabbatar kwangilarta na cikin manhajar Musaned, ta ajiye hoton fasfonta a waya. Idan rikici ya taso, gara ta nufi ƙaramin ofishin jakadancin Najeriya da ke Jidda da ta ɓuya gidan 'yar'uwa.