Karatun lafiya ta salula: a bincika kafin a biya

Tsadar zaman Maraɗi ko Damagaram kan sa matasan Tasawa da Mayahi tunanin yin karatun kiwon lafiya ta intanet daga gida. Salula na iya koyar da darasi in akwai rezo da wuta, amma allura, wankin ciwo da karɓar haihuwa sai an yi sitaj a likita, gaban ƙwararru. Sannan aiki a CSI na buƙatar diplom ɗin da gwamnati ta amince da shi, irin na makarantar ENSP ta Damagaram. Don haka iyaye, kafin ku saida hatsi ko akuya ku biya, ku tambaya: ma'aikatar lafiya ta san makarantar? Ina yaro zai yi sitaj?