Zauren 'Yanmata: Hoton Da Ba A Wanke Ba



Cikin saƙonnin da suka iso mini wannan watan guda biyu ne suka tsaya mini a rai, kuma dukkansu a kan hoto suke. Na farko daga wata ƙanwata ce a Yakasai. Ta ce a bikin yayarta ita ce mai ɗaukar hoto tun daga kamu har daren kai amarya, har da wanda kakarsu ta rungume amarya a tsakar gida suna kuka. Ba a yi wata biyu ba aka yi mata ƙwacen waya a cikin Adaidaita Sahu, can kuma bayan 'yan watanni Allah Ya yi wa tsohuwar rasuwa. Yanzu duk faɗin gidan babu mai wannan hoton, sai wani dishi-dishi da aka taɓa turawa zauren WhatsApp na dangi. Allah Sarki, Allah Ya ji ƙanta.

Na biyun 'yar ajin ƙarshe ce a sakandare daga Gwale. Ta ga talla a Instagram, wai ka tura hotunanka ta waya a wanke maka, ko a haɗa su littafi guda mai bango, a kawo har gida. Ita da ƙawayenta suna son su haɗa kuɗi su yi na gama makaranta, amma gabanta yana faɗuwa. Tambayarta ita ce, ta tura ko kada ta tura?

To ƙanwata, ki tura. Labarin 'yar Yakasai ya ishe ki amsa, in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta sai ka shafa wa naka ruwa. Amma fa ba kowane hoto ake turawa ba, ki biyo ni a hankali ki ji dalili.

Ku da kuka buɗe ido kuka ga waya a hannun kowa ba ku san tsadar hoto ba. Wayar salula irin ta yanzu sai a 2001 ta shigo Najeriya, kuma na farkon ba su da kyamara. A zamanin 'yanmatancinmu fim ake sawa a kyamara, na Kodak ko na Fuji, mai ɗaukar hoto 24 ko 36, in ya ƙare ya ƙare. Ranar Sallah mai hoto zai shigo unguwa, a ci kwalliya, a jeru a jikin bango an ƙame kamar sojoji, ya ɗauka sau ɗaya tak. Daga nan sai jira, domin ba zai kai wanki ba sai fim ɗinsa ya cika. Wani lokacin ma bayan mako biyu ya zo yana sosa ƙeya ya ce hoton ya ƙone. Amma wanda ya fito, to ya fito ke nan. Je ki roƙi Umma ta buɗe miki ƙasan akwatinta, za ki ga hoton sunanki, ga shi nan har yau, ko caji bai taɓa nema ba.

Wani abin kuma da ba ku riska ba, hoto a lokacin yana da adadi. Yarinya ta san guda nawa aka wanke mata, ta san a hannun wa kowanne yake. Saurayi ya nemi hoto sai an ja masa aji na watanni, in kuma magana ta lalace sai a tura ƙane ya karɓo hoton da wasiƙun, shi ke nan kowa ya kama gabansa. Ku duba littattafan soyayya na wancan lokacin ku ga yawan rigimar da aka gina a kan hoto guda ɗaya. Yau fa, wa za a tura ya karɓo?

Na san wata za ta ce, Anti ai nawa suna ajiye a Google. Madalla, ya fi babu. Sai dai ki sani tun watan Yuni na 2021 kamfanin ya daina ajiyar hotuna kyauta ba iyaka, gigabait 15 ne rabon kowa, a ciki har da wasiƙunki na imel. Kuma daga Disamba 2023 ƙa'idarsu ta ba su damar goge asusun da ya shekara 2 ba a buɗe shi ba. Sannan ku gaya mini gaskiya, mutum nawa ne a cikinku suka san lambar sirrin asusunsu? Yawanci wani yaro ne a kasuwar waya ta Farm Centre ya buɗe mata ranar da aka sayi wayar, ta tafi ba ta ko tambaya ba. Shi kansa Kodak, wanda duniya ta sani da hoto, a 2012 ya shiga halin karayar arziki, ya rufe rumbunsa na intanet, aka kwashe hotunan mutane zuwa wani kamfani mai suna Shutterfly. Rumbun wani ba naka ba ne.

Shi Shutterfly ɗin tun 1999 ya fara wannan sana'a a Amurka, ta a tura hoto ta intanet a wanke a aiko. A nan wajenmu galibi gidajen hoto ne da masu ɗab'i suke karɓa ta WhatsApp ko Instagram, ki tura, su tsara miki shafi-shafi, su nuna miki, ki biya, a buga. Ba laifi, ya hutar da yarinya fita, balle wadda ba a bari ta je Sabon Gari ita kaɗai.

In za ki tura, kada ki tura shi kamar yadda kike tura wa ƙawa. WhatsApp matse hoto yake yi don ya rage cin data, a fuskar waya ba za ki gane ba, sai an wanke ki ga fuska ta zama kamar an yayyafa mata ruwa. Ki tura shi a matsayin Document, ko ki danna HD. Ƙaramin kati mai inci 4 da 6 yana son hoton da ya kai kamar ɗigo 1200 da 1800, in za a ƙara masa girma sai ya fi haka. Wanda kika kwafo daga sitatus ɗin wata kuwa ki haƙura da shi. Kuma don Allah ku sassauta wa filta. Yarinya baƙa kyakkyawa, ta mayar da kanta fara sol, hanci kamar biro, nan da shekara talatin 'ya'yanta su buɗe littafi su ce Umma wace ce wannan?

Yanzu ga inda nake son ku buɗe kunne. Duk hoton da kika tura, wani ne zai buɗe shi a kwamfuta, ya ƙara masa haske, ya yanke shi, kuma ba ki san ko shi waye ba, ba ki san su wa ke zaune kusa da shi ba. Bayan an gama aiki hoton yana nan a na'urarsu. Saboda haka ga ma'aunin da nake ba 'ya'yan cikina: hoton da za ki iya miƙa wa Baba a zaure ya duba a gaban baƙinsa, shi ne na turawa. Na daren lalle da aka cire ɗankwali ana rawa a ɗaki, na ɗakin kwanan makaranta da kayan barci, waɗannan ba sa fita. In har kina son su a kan kati, ki je da ƙafarki tare da yayarki, a wanke a gabanki, a goge a gabanki.

Kuma ke 'yar Gwale, hoton da kuke ku goma a ciki ba naki ba ne ke kaɗai, amanar mutum tara ce a hannunki. Ki tambayi kowacce. Wata an sa mata rana, dangin mijin masu tsanani ne, abin da ke wasa a wajenki ita zai iya zame mata fasa aure. Mun sha ganin amarya ta wayi gari ta ga hoton bikinta a shafin mai hoto ana talla da shi, samari suna ta sharhi a ƙasa, ango yana huci. Tun kafin ki biya ki rubuta musu ƙarara cewa ba ki yarda a sa hotonku a talla ba, kuma a goge bayan an gama, ki adana amsar da suka ba ki. Akwai dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a 2023, kuma tana bayanki. Amma kin san cikin birni, kafin a kai ƙara magana ta tashi daga Mandawari ta isa Ƙofar Mazugal. Hoto ma zarar bunu ne.

Maganar kuɗi ba ta da tsawo. Ki nemi wanda wata da kika sani ta taɓa yin aiki da shi, wanda yake da shago da za a iya zuwa. Ki fara gwada shi da kati biyar kafin ki ba shi littafi. Kada ki biya duka sai kin ga tsarin shafukan, kuma ki karanta sunaye da kyau, domin in an buga an buga. Wajen kawowa kuma, lungunanmu dama ba lamba gare su ba, to kada ki tsaya yi wa baƙo kwatancen ƙofar gidanku. Ki ce ya tsaya a Ƙofar Mata ko bakin Asibitin Murtala, ƙanenki ya je ya karɓo.

Kada ki ce sai kin wanke dubu. Ki zaɓi talatin ko arba'in, ki fara da tsofaffi, kaka da kakanni da gwaggo, domin su ne ba a samun damar sake ɗauka. Tsofaffin katunan Umma ma ki ɗauke su da waya a bakin taga, ba filasha, ki sa su a farkon littafin. A ƙarƙashin kowanne a rubuta suna da unguwa da shekara. Duk wadda ta taɓa shiga Gidan Makama ta ga tsofaffin hotunan Kano ta san rubutun da ke ƙasa shi ke sa a san wa ake kallo. Na san akwai gidajen da ba a son rataye hoto a bango saboda abin da malamai suka faɗa, to littafi dai rufe shi ake yi a sa a sif. Ki naɗe shi a leda, ki ɗaga shi daga ƙasa, kada ki jingina shi da bangon ƙasa da damina, saboda laima da gara.

Ke kuma 'yar Yakasai, kada ki fid da rai tukuna. Ki bi 'yan biki ɗaya bayan ɗaya, musamman ƙawayen amarya da matan yayye, da wuya a ce ke kaɗai kika ɗaga waya a tsakar gidan nan. In an samu, a turo miki ta Document, ki wanke guda uku, ɗaya na Umma, ɗaya na amarya, ɗaya naki. Ki rubuto mini in ji yadda aka yi.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu.

Taku,
Anti