Wasiƙa Zuwa Ga Masu Cinikin Tsofaffin Kuɗi: Sulen Da Aka Wanke

Ya ku 'yan'uwana masu baje anini da kwabo mai huji da sule a faranti, daga rumfunan Kurmi a Kano har zuwa masu ciniki ta waya. Magana ɗaya ce ta sa na ɗauki alƙalami, ita ce yadda za mu yi wa tsohon kuɗin da aka wanke farashi.

Da kaina na fara shan kashi a wannan harka. Wata rana dab da magariba wani mutum ya kawo mini dala ta 1913, mai kan Sarki Joji na Biyar a gaba da bishiyar kwakwar manja a baya. Tana ƙyalli a ƙarƙashin ƙwan lantarki kamar yau aka buga ta. Ban tsaya dogon taya ba, na biya, ina murna a zuci. Da gari ya waye na fito da ita bakin ƙofa, sai ga fuskar Sarkin duk siraran zane a jere, kamar an bi ta da tsintsiya. An goge ta da toka. Na biya kuɗin budurwa, ashe bazawara aka kawo mini, kuma na ci wata takwas kafin na rabu da ita da asara.

Ƙyalli iri biyu ne, kuma duk sana'armu a kan bambance su take. Lokacin da injin buga kuɗi ya danne ƙarfe da hatimi, ƙarfen yana malala daga tsakiya zuwa gefe, ya bar wasu layuka ƙanana da ido ba ya gani. Su ne ke sa in ka riƙe kuɗin da bai sha hannu ba ta gefensa, ka karkata shi a hankali a haske, ka ga hasken yana zagaya fuskarsa kamar fanka. Wannan fatar mai ƙyalli ba ta da kauri. Toka, yashi, ruwan lemon tsami, tsamiya, man goge ƙarfe irin su Brasso, kowannensu yana cinye ta, kuma in ta tafi ta tafi ke nan. Abin da ke saura shi ne ƙyallin cokali: ko dai ya haske gaba ɗaya lokaci guda, ko ya zauna fari fat ba rai.

Saboda haka kada ku yanke ciniki da dare. Ku nemi hasken rana ko fitila guda ɗaya, da tabarau mai ƙara girma kamar sau biyar zuwa goma. Ku fara duba filin da babu rubutu, gaban fuskar Sarki. Ƙarcen da kuɗi ya samu a aljihu da kasuwa warwatse yake, wani nan wani can. Na guga kuwa a jere yake, ya nufi gefe ɗaya ko ya yi da'ira. Sannan ku leƙa lungunan haruffa da tsakanin ganyen kwakwar. In fili ya yi fes amma baƙi ya maƙale a kusurwoyi, tsumma ne ya bi ta wurin bai kai lungu ba. Daga nan ku haɗa launi da shekaru. Sulen da kan Sarkinsa ya suɗe har gashi ya ɓace amma yana walƙiya, kamar tsoho ne mai furfura da ya shafa shuni. Tagulla ma tana tona asiri, domin wadda aka jiƙa a tsami takan koma wani ja-ja mai ɗaukar ido, saɓanin ruwan ƙasa da shekaru ke ba ta.

Sanin cewa an wanke kuɗi ba shi ne ƙarshen magana ba. Wankakken kuɗi yana da farashi, sai dai a san inda za a ajiye shi. Yana da ƙasa, yana da sama. Ƙasan shi ne darajar ƙarfensa. Sule da dala na Yammacin Afirka da aka buga daga 1913 zuwa 1919 azurfa ce mai kyau, kashi 925 cikin dubu, sule giram 5.65, dala giram 11.3. Daga 1920 aka koma haɗin tagulla mai ruwan rawaya, shi kuwa ƙarfensa ba ya da wata daraja, don haka in an lalata fatarsa kusan ba abin da ya rage. Saman kuwa shi ne farashin irinsa da ba a taɓa ba. Ni dai in guga ta fito fili da ido, ba na wuce rabin wancan farashi, in kuma burushin waya aka sa, ma'auni kawai nake ɗaukowa.

Tsakanin ƙasa da sama, ƙarancin kuɗin ne ke yin hukunci. Ku dubi shekara da ɗan harafin ma'aikatar da ta buga shi, H na Heaton ko KN na King's Norton, duka a Birmingham ta Ingila, domin kuɗin shekara ɗaya sukan sha bamban saboda harafi. Abin da ba a samu sai an sha wuya, mai nema zai karɓe shi ko da tabo. Abin da ya cika kasuwa kuwa, me zai sa ya sayi mai aibi bayan ga lafiyayye a rumfa ta gaba? Kwabon 1936 mai sunan Sarki Edward na Takwas yana da labari mai daɗi, tunda Sarkin ya ajiye mulki a shekarar, amma an buga shi da yawa. Haka dalar Mariya Tarisa da matanmu suka daɗe suna ado da ita. Kowace tana ɗauke da 1780, shekarar rasuwar sarauniyar, alhali an ci gaba da buga ta da wannan shekarar har zamaninmu. Nauyinta giram 28 ne, azurfa kashi 833 cikin dubu. In an goge ta, ko akwai alamar dalma a gefe inda aka cire marataya, kuɗin azurfarta ne farashinta.

Masu tura kaya ƙetare su sani can ma haka abin yake. Kamfanonin tantancewa na Amurka, PCGS da NGC, suna ba kuɗi maki daga 1 zuwa 70, amma wanda suka ga an goge ba sa ba shi maki. Sai su tabbatar na gaske ne, su rubuta a jikin kwalinsa cewa an wanke. Mai saye a Landan ya san wannan, kuma hoton waya ba zai ɓoye masa ba in kaya suka isa hannunsa.

Roƙona gare ku biyu ne. In tsohuwa ta kawo muku ƙullin sulallan mijinta baƙi ƙirin, ku ce mata: “Hajiya, kada a wanke, haka muke so.” Ku ma ku riƙe hannunku, wannan baƙin shi ne shaidar shekarunsa. In kuma wankakke ya riga ya shigo rumfarku, ku faɗa wa mai saye kafin ya tambaya, ku karkata masa shi a rana ya gani da idonsa. Malamanmu sun karantar da mu cewa wanda aka ɓoye wa aibin haja yana da ikon mayar da ita. Masu tara tsofaffin kuɗi kuma ba su da yawa, duk sun san juna, kuma wanda ka nuna wa zane a fuskar sule yau, gobe da abokinsa zai dawo.

Allah ya ba da kasuwa mai albarka.

Naku,
ɗan'uwanku a sana'a.