A Tambayi Mai Sauraro Kafin A Buɗe Baki



A wani dare cikin zangon karatun da ya wuce, wasu abokaina uku suka taru a ɗakin kwananmu suna shawarar fara shiri a kan fasahar zamani da harshen Hausa, irin wanda ake kira fodkas. Na yi murna ƙwarai, na jawo kujera. Amma da aka karanto jerin batutuwan makonni goma na farko, sai jikina ya yi sanyi. Akwai sabuwar wayar iPhone, akwai motocin Tesla, akwai rokokin da ake harbawa sararin samaniya, akwai rigingimun manyan kamfanonin Amurka. Na tambaye su wa zai saurari wannan, kuma wa suka tambaya kafin su rubuta jerin. Sai aka yi shiru. Wannan shirun shi ne dalilin da ya sa na ɗauki alƙalami.

Ga wanda bai saba da kalmar ba, fodkas shiri ne na murya da ake ɗorawa a intanet kashi-kashi, mutum ya sauke a wayarsa ya saurara sa'ad da ya ga dama. Sunan ya fara bayyana ne a 2004, cikin rubutun wani ɗan jarida a Ingila, kuma abin ya bazu bayan da kamfanin Apple ya shigar da shi cikin manhajarsa ta iTunes a 2005. Ba ya bukatar gidan rediyo, ba ya bukatar dogon ƙarfen watsa shiri. Waya ɗaya da ɗaki marar hayaniya sun isa. To, a cikin wannan sauƙin ne haɗarin yake, domin wanda babu mai tsare masa ƙofa, sau da yawa yakan manta ya tambayi kowa, ya zauna yana magana da kansa, yana tsammani da jama'a yake.

Alhali kuwa mu mutane ne da muka gaji sauraro, muka kuma gaji mayar da martani. Sashen Hausa na BBC ya fara aiki a 1957, gidan rediyon Kaduna a 1962, Muryar Jamus a 1963, Muryar Amurka kuwa a 1979. Abin da ya ɗaure waɗannan tashoshi a zukatan iyayenmu shi ne sun ba mai sauraro wuri. Dattijo a ƙauye yakan sayi ambulan da kan sarki, ya nemi ɗan makaranta ya rubuta masa tambaya zuwa shirin Amsoshin Takardunku, ya yi makonni yana jira, ranar da aka ambaci sunansa da na garinsu kuwa ranar farin ciki ce a unguwa duka. Haka shirye-shiryen gaishe-gaishe irin su Zaɓi Sonka suka rayu da katin masu sauraro. Yau fa? Saƙon murya ta WhatsApp ba ya cin minti ɗaya, kuma wanda bai iya boko ba, bai iya ajami ba, zai iya aikawa. Abin kunya ne a ce zamanin kan sarki ya fi namu jin ta bakin jama'a.

Ra'ayina ke nan a taƙaice: duk shirin fasaha da za a yi da Hausa, a gina shi bisa tambayoyin masu sauraro, gama mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Domin kada a ce na zo da suka babu gyara, da na je hutu gida na bi 'yan'uwa da maƙwabta ina tambayarsu abin da za su so a yi musu bayani. Ga abin da na tattaro.

Na fari, kuɗi a cikin waya. Tun daga ƙarancin takardun naira na farkon 2023, mai kayan miya da mai shayi da ɗan acaɓa duk sun koma karɓar kuɗi ta asusu, ba tare da an koya musu komai ba. Gwaggona tana cikin waɗanda abin ya shafa. Wani ya kira ta da murya mai ladabi, yana ta Hajiya kaza Hajiya kaza, ya ce daga banki yake, za a rufe asusunta in ba ta karanto masa lambobin da suka shigo wayarta yanzu ba. Ta karanto. Kafin la'asar kuɗin adashenta na wata shida sun tafi. Da akwai shirin da ya taɓa gaya mata cikin harshenta cewa waɗannan lambobi su ne mabuɗin ƙarshe na asusu, cewa ma'aikacin banki na gaskiya ba ya neman su, haka nan ba ya neman lambar sirri ta kati, da ba ta yi wannan asara ba. A yi shiri a kan wannan kaɗai: yadda ake toshe asusu in waya ta ɓace, abin da za a yi in an cire kuɗi amma ba su isa ba, da amfanin lambar BVN da aka ɓullo da ita a 2014 da dalilin ɓoye ta.

Na biyu, wutar hasken rana. Tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, janareta ya gagari gidaje da yawa, mutane suka koma sayen faifan sola da batir, galibi bisa maganar mai shago kurum. Amma lissafin ba shi da wuya in an sami mai bayani. Fanka mai cin wat 60, in ta yi awa 8 tana juyawa, ta ci awar wat 480. Batir mai bolt 12 da awar amfiya 100 yana ɗauke da awar wat 1,200 a rubuce, amma irin na dalma ba a so a zuƙe shi fiye da rabi, watau 600 ne naka na haƙiƙa. Wanda ya ji wannan sau ɗaya ya gane abin da ya sa batirinsa ya mutu tun bai shekara ba. A ƙara masa da cewa ƙurar hunturu in ta lulluɓe faifai tana rage wutar da yake bayarwa, tsumma da ruwa su ne maganinta. Wannan shi ne ilmin da ke tsare wa magidanci guminsa.

Na uku, a ba masu gyaran waya kujerar malami. A kasuwar waya ta Farm Centre da ke Kano, da irinta a sauran biranenmu, akwai samarin da suka buɗe cikin wayoyi fiye da yadda wani malamin jami'a zai taɓa buɗewa. Su suka san cajar jabu, suka san abin da ke kumbura batir, suka san yadda ake gane tsohuwar wayar da aka yi wa kwaskwarima aka sa a kwali. Mu 'yan boko muna da ciwon raina wanda bai riƙe takardar shaida ba. A gayyato su, a karanto musu tambayoyin jama'a, su amsa da bakinsu.

Na huɗu, namu na ɗalibai da ƙananan ma'aikata. Tun 2015 jarrabawar JAMB ta koma bisa kwamfuta ɗungurungum, amma har yau akwai ƙannenmu da ranar jarrabawa ce ranar farko da suke zama gaban na'urar. Sabon ma'aikaci yana bukatar a fahimtar da shi yadda albashi ke bi ta na'ura kafin ya iso shi, da yadda kuskuren harafi ɗaya a suna ke tsayar da shi wata da watanni. Tun Disamba 2020 aka tilasta haɗa layin waya da lambar NIN, a 2023 kuma aka sa hannu a dokar kare bayanan jama'a, amma mu nawa ne muka san haƙƙin da wannan doka ta ba mu a kan wanda ya karɓi bayananmu? Sa'an nan ga basirar na'ura. Tun da ChatGPT ya fito a Nuwamba 2022, wasunmu sun mai da shi magatakardansu, ba su san yakan ƙirƙiro sunan littafin da ba a taɓa bugawa ba, ya faɗe shi da ƙarfin zuciya. Kai, ko yadda ake samun haruffa masu lanƙwasa a allon waya ya isa shiri guda, domin a daina rubuta baki inda ake nufin baƙi, ko kafa inda ake nufin ƙafa.

Na biyar, jita-jita. Ba mu manta da Agustan 2014 ba, lokacin da saƙo ya zagaye wayoyi cikin dare cewa wanka da ruwan gishiri da shansa na kare mutum daga cutar Ebola, har aka rasa rayuka, wasu suka kwanta asibiti. Yanzu kuwa na'ura na iya ƙera hoto da muryar mutum yana faɗin abin da bai taɓa faɗi ba. A buɗe fili inda mai sauraro zai turo abin da aka turo masa, a bincika a bainar jama'a, a koya masa hanyar binciken.

Masu sauraro sun kuma yi magana a kan siffar shirin kansa. Kada ya yi tsawo, domin data kuɗi ce, balle tun da aka amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a Janairun 2025. Murya ta minti 15, in an matse ta, ba za ta kai megabait 5 ba, ana iya tura ta ta WhatsApp ko a zuba a katin waya a kai ƙauye. Ƙanwata kuma ta ce in duk maza ne ke tambaya, maza ke amsawa, to, ita ba da ita ake ba. Ta yi gaskiya.

Na san za a ce Hausa ba ta da kalmomin fasaha. Wannan tsohuwar magana ce, kuma makanikai sun daɗe da rushe ta. Ba su jira wani kwamiti ba suka samar da birki, da giya, da salansa, da kafireta. Masu waya ma sun ba mu caji, da sabis, da layi. A saurari yadda jama'a ke faɗi, a ɗauka, inda babu kalma a yi bayani a sarari.

Akwai wata suka da ta fi wannan nauyi, watau mutum ba ya tambayar abin da bai san da shi ba, saboda haka in aka bi ta masu sauraro kaɗai, shirin ba zai wuce ƙofar gida ba. Na yarda da rabin wannan. Lalle aikin mai shiri ne ya tace tambayoyi, ya kuma kawo labarin nesa. Amma ya kawo shi ta hanyar da ta biyo gida. A ranar 14 ga Maris, 2024, wayoyin intanet da ke shimfiɗe a ƙarƙashin teku suka lalace daura da gaɓar Kwaddibuwa, sai ga mutane a nan sun kasa tura kuɗi. Wanda ya tsaya ranar a gaban mai POS yana zufa, zai tattara hankalinsa ya ji yadda intanet ke ratsa teku. Daga tambayarsa ta kusa aka kai shi nesa.

Saura nauyin da ke kanmu. Ku masu niyyar fara shiri, kafin ku sayi abin ɗaukar murya, ku fitar da lambar waya, ku tara tambayoyi hamsin, ku ambaci garin mai tambaya in ya yarda, kuma in wani kamfani ya biya ku domin ku yabi kayansa, ku faɗa a fili. Mu masu sauraro kuma, kada mu naɗe hannu mu jira a yi shiri sa'an nan mu yi ta gunaguni a ɗakin cin abinci. In mun je hutu, mu tambayi iyayenmu abin da ke ɗaure musu kai game da wayar da ke hannunsu, mu ɗauko muryarsu da izininsu, mu kawo. Ina roƙon Ƙungiyar Ɗalibai ta ɗauki nauyin tattara waɗannan tambayoyi ta miƙa wa duk mai son ya fara.

Abokaina uku sun yage jerinsu na farko, sun fara sabo. Tambayar da ke samansa ta gwaggona ce: yaya za ta gane mai kiran gaskiya daga ɓarawo? Matambayi dai ba ya ɓata, in har ya sami mai amsa masa. Allah ya sa mu dace, amin.