Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Hukumar Ɗakunan Karatu Ta Jihar Kano

Buƙata ɗaya ce ta sa na ɗauki alƙalami. Ina roƙon hukumarku ta riƙa fitar da jerin sababbin littattafan Hausa da ta karanta ta kuma yaba da su, sau ɗaya a shekara, kashi guda na yara gwargwadon shekarunsu, kashi guda na manya masu sha'awar ƙagaggun labarai. Tun tsakiyar shekarun 1980 Kano ke riƙe da kambun buga labaran Hausa, amma har gobe idan uwa ta tsaya gaban mai sayar da littattafai a Sabon Gari ta ce tana neman na ɗan shekara takwas, da wuya a miƙo mata abin da ya wuce Ka Koyi Karatu ko Magana Jari Ce, wanda Abubakar Imam ya rubuta a ƙarshen shekarun 1930. Littafin ba shi da laifi, kakanni sun karanta, jikoki ma za su karanta. Abin kunyar shi ne a ce ba wata hukuma da ta ɗauki nauyin nuna wa iyaye na bana.

Wanda duk ya bi tarihin adabin nan zai ga cewa zaɓe da yabo ne suka raine shi. Gasar da Rupert East ya shirya a 1933 ita ta fito da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi da Jiki Magayi. Gasar kamfanin ɗab'i na NNPC da ke Zariya ta ba mu So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed a 1980, kuma tun 2016 gasar Hikayata ta BBC Hausa ke fito da marubuta mata da a da ba wanda ya san sunansu. A kowane karo wasu ne suka zauna suka karanta, suka ce wannan ya yi, jama'a kuma suka bi. Mu kuwa a Kano ƙarfinmu ya fi tafiya wajen hani. An kafa hukumar tace finafinai da ɗab'i a 2001, an ƙona littattafai a wata makarantar 'yan mata a 2007, amma labaran ba su ƙare ba, wuri kawai suka sake. Yanzu a waya suke: marubuciya ta saki shafukan farko kyauta a WhatsApp, idan labari ya ɗau zafi ta ce saura na kuɗi ne, a tura ta asusu, a aiko da shaidar biya, a saka mutum cikin rukuni. Ba edita, ba mai cewa wannan bai dace da 'yar shekara goma sha uku ba, alhali wayar uwarta tana hannunta.

Na san za a ce ai yawancin abin da ake rubutawa soyayya ce da shirme, wani ma batsa ce tsagwaronta, me hukuma za ta yaba a ciki? To ai wannan ne babban dalilin yin jerin. Inda tsakuwa ta yi yawa a shinkafa, nan ake neman mai tsinta. Kada kuma a manta haka aka raina Alhaki Kwikwiyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, aka yi masa kuɗin goro da sunan adabin kasuwa, sai ga shi a 2012 wani kamfani a Indiya ya buga fassararsa ta Turanci, saboda ya faɗi gaskiyar halin da matar da aka saka da 'ya'ya take shiga. Babba mai karatu ba yaro ba ne da za a riƙe wa hannu, abin da yake so shi ne a gajarce masa wahalar nema: sunan littafi, marubuci, farashi, inda ake samu, da layi uku na gaskiya a kan abin da ke ciki, har da rauninsa in yana da shi.

Ƙorafin da ya fi wannan nauyi shi ne tsoron son kai, wato jerin ya koma na 'yan uwa da abokai, ko ya zama wata tacewar ta bayan gida. Tsoro ne mai tushe, kuma maganinsa a yi komai a fili. A bayyana sunayen masu zaɓe, a haɗa ma'aikatan laburare da malaman firamare da malaman harsunan Nijeriya na Jami'ar Bayero da wakilan ƙungiyar marubuta ta ANA, a sa ko da mai sayar da littattafai guda, don shi ya san abin da ake dawowa a tambaya. A riƙa sauya su, kuma wanda littafinsa ke gaban kwamiti ya koma gefe. Sannan a rubuta ƙarara cewa rashin shiga jeri ba haramci ba ne. Ranar da aka fara amfani da jerin wajen kama wani, ranar marubuta za su daina kawo littattafansu.

Batun kuɗi kuwa, jerin manya ba ya cin komai: takarda ɗaya a bangon kowane reshe, shafi a Facebook, minti goma a rediyo. Na yara ne ke buƙatar ku sa hannu a aljihu. Littafin ƙaramin yaro sai da zane mai launi da manyan baƙaƙe da takarda mai jure hannu, kuma marubucin da ke buga littafi da kuɗinsa ba zai biya mai zane ba alhali bai san wa zai saya ba. Shi ya sa fagen ya zama fayau. Shirin Mu Karanta da aka gudanar a Bauchi da Sakkwato ya nuna ana iya samar wa 'yan firamare abin karatu mai kyau da Hausa, sai dai na aji ne, kuma da tallafin waje aka yi, wanda ke da ranar ƙarewa. Idan hukumarku ta yi alkawarin sayen kwafi na kowane littafin yara da ya shiga jeri, ta raba wa rassanta, marubuta da masu zane za su san akwai kasuwa, kuma a shekara ta biyu abin da za a kawo muku sai ya fi na farko yawa.

Labaran da ke fitowa a waya kaɗai ma a karɓe su, muddin marubucin ya kammala labarin, ya gyara rubutu, ya miƙa cikakken kwafi. Ina ba da shawarar a sanar da jerin farko a ɗakin karatu na Murtala Muhammad, makonni kaɗan kafin makarantu su tafi dogon hutu, a kuma gayyato masu sayarwa su baje littattafan da aka zaɓa a harabar.