Faɗuwar jirgin Alpha Jet a Kainji: Abin da ya rage bayan jinjina wa matuƙa

A ranar Asabar 6 ga Disamban 2025, wani ƙaramin jirgin yaƙi samfurin Alpha Jet na Rundunar Sojin Sama ta Najeriya ya faɗi a kusa da sansaninta na Kainji, cikin Ƙaramar Hukumar Borgu ta Jihar Neja. Rundunar ta ce jirgin ya gamu da matsala ne jim kaɗan bayan tashinsa, a yayin gwajin da ake yi wa jirgi bayan an kammala duba shi. Matuƙansa biyu sun karkatar da shi daga wuraren da jama'a ke zaune, sannan suka cilla kansu waje da laima, suka tsira. Shugaban rundunar, Air Marshal Sunday Kelvin Aneke, ya yaba musu, ya kuma ba da umarnin kafa kwamitin bincike.

Ko da yake a Neja abin ya faru, maganar ta shafi mutanen Yauri, Ngaski da Shanga a Jihar Kebbi kai-tsaye. Tafkin Kainji ne ya haɗa su da Borgu, kuma tafiyar da kwalekwale ke kwashe sa'o'i yana yi, jirgin yaƙi kan gama ta cikin 'yan mintuna. Sararin da ake atisaye a cikinsa ba ya sanin iyakar jiha. A ƙarƙashinsa akwai ƙauyukan masunta, gonakin shinkafa da albasa, da kasuwannin da ke cika maƙil a ranakun cinsu.

Ana koya wa matuƙi cewa idan na'ura ta ba da matsala a sama, abubuwa uku ne a gabansa, kuma a jere suke. Na farko, ya riƙe jirgin kada ya kuɓuce masa. Na biyu, ya yanke shawarar inda zai nufa. Na uku, ya sanar da hasumiyar da ke kula da zirga-zirgar jirage, ya sa lambar gaggawa ta 7700 domin a share masa hanya. A tsakanin haka akwai rubutaccen jerin matakai na kowace irin matsala, wanda ake bi ɗaya bayan ɗaya, domin tsoro kan sa gwani ya manta abin da ya sani. Alpha Jet injin biyu gare shi, kuma jirgi mai injin biyu an ƙera shi ne yadda zai iya ci gaba da tafiya da guda har ya sauka. Saboda haka cilla kai waje shi ne mataki na ƙarshe, wanda ba a ɗauka sai an tabbatar jirgin ba zai kai fili ba. Daƙiƙoƙin da matuƙan Kainji suka kashe wajen kawar da shi daga gidaje, daga cikin lokacin tsirarsu suka cire su. Wannan ya cancanci yabo.

Tarihin sufurin sama a Najeriya ya nuna abin da kan faru idan aka saɓa wa wannan tsari. A ranar 3 ga Yunin 2012, jirgin kamfanin Dana da ya taso daga Abuja ya faɗi a unguwar Iju-Ishaga ta Legas, duk mutum 153 da ke ciki suka rasu, haɗe da wasu a ƙasa. Rahoton ƙarshe na Hukumar Binciken Haɗurran Jiragen Sama ya nuna cewa injin farko ya rasa ƙarfi tun minti 17 da tashi, amma matuƙan ba su bi jerin matakan gaggawa ba, ba su kuma sauka a filin da ya fi kusa ba. Suka ci gaba da tafiya har inji na biyu ya daina amsawa suna dab da sauka. Na'ura ce ta fara lalacewa, jinkirin yanke shawara ya ƙarasa ɓarnar. Akasin haka ya faru a Amurka ranar 15 ga Janairun 2009, lokacin da tsuntsaye suka kashe injin biyu na wani jirgin fasinja a birnin New York. Kyaftin Chesley Sullenberger ya auna cewa ba zai kai fili ba, ya sauke jirgin a kan Kogin Hudson, dukkan mutum 155 suka tsira.

Waɗannan darussa biyu sun zama abin koyarwa ne saboda an wallafa rahotanninsu, kowa ya karanta. A nan ne gizo ke saƙa game da jiragen soja. A ranar 21 ga Fabrairun 2021, jirgin King Air 350 da ya tashi daga Abuja zuwa Minna domin aikin neman ɗaliban Kagara ya ba da rahoton matsalar inji, ya juyo, ya faɗi kafin ya kai titin sauka, jami'ai bakwai suka rasu. Bayan wata uku, ranar 21 ga Mayu, wani irinsa ya faɗi a Kaduna da Shugaban Sojin Ƙasa, Laftanar-Janar Ibrahim Attahiru, da wasu mutum goma. A irin waɗannan lokuta akan ji sanarwar kafa kwamiti, amma ba kasafai jama'a ke ganin cikakken sakamakonsa ba.

Gaskiya ne soja na da sirrin da bai kamata a baza a faifai ba. Sai dai bayyana cewa bututun mai ne ya tsage, ko wani kayan gyara ne ya gaza, ba tona asirin yaƙi ba ne. Kuma haɗarin Kainji yana ɗauke da tambaya ta musamman, domin jirgin daga hannun masu dubawa ya fito. Shin wajen gyaran aka yi kuskure, ko kayan gyaran ne ba su da inganci, ko tsufa ne ya cim ma jirgin? Najeriya ta fara karɓar waɗannan jirage, ƙirar haɗin gwiwar Faransa da Jamus, tun farkon shekarun 1980. Sun yi aiki a Laberiya da Saliyo, sun yi a Arewa maso Gabas, suna kuma yi a dazukan Arewa maso Yamma. Tsufan jirgi ba laifi ba ne matuƙar ana kula da shi bisa ƙa'ida, amma kulawar tsohon jirgi kuɗi take ci, kuma kuɗin na al'umma ne. Ɗan kasuwar da ke biyan haraji da ma'aikacin da ake cire wa daga albashi suna da haƙƙin sanin yadda aka kashe shi.

Akwai kuma batun tsaro. Yankin da bai manta da sace ɗaliban Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri a ranar 17 ga Yunin 2021 ba ya san darajar jirgin da ke shawagi a samansa. Duk jirgin da aka rasa, giɓi ne a wannan kariya.

Mutanen bakin tafkin ba baƙi ba ne ga bala'in da lalacewar abin hawa ke jawowa. A ranar 26 ga Mayun 2021, jirgin ruwa ya tarwatse a kusa da Wara ta Ngaski, aka yi fargabar nutsewar fiye da mutum 100. Tun 2022 doka ta faɗaɗa aikin hukumar binciken haɗurra, wadda yanzu ake kira NSIB, ya haɗa da na ruwa da na jiragen ƙasa. Manufar guda ce a sama da kan ruwa: a gano musabbabi, a bayyana shi, a gyara.

Don haka abubuwa uku suka kamaci hukumomi. Rundunar sojin sama ta fitar da taƙaitaccen sakamakon bincikenta da gyaran da ta yi a kansa. Kwamitocin Majalisar Tarayya masu sa ido kan rundunar su bibiyi kuɗin gyaran jirage, ba na sayen sababbi kawai ba. Sannan gwamnatocin Kebbi da Neja, tare da masarautun Yauri da Borgu, su wayar da kan masunta da manoma kan abin da za su yi idan jirgi ya faɗi kusa da su: su nisanci tarkacen saboda wuta da makamai, su taimaki matuƙin da ya faɗa ruwa, su sanar da hukuma nan take. A bakin wannan tafki, mai kwalekwale ne zai riga motar agaji isa wurin.