A Ƙera Mana Injin Pinball, Mu Huta da Caca da Kwafen Furojet

Duk wanda ya taɓa zama gaban tsohuwar kwamfuta mai Windows XP, ko a shagon buga takardu ko a ɗakin kwamfuta na sakandare, ya san gem ɗin nan na Space Cadet, wanda ake harba 'yar ƙwallo sama tana ta karo da abubuwa, kai kuma kana tare ta kada ta zurma ƙasa. To wancan kwaikwayo ne kawai. Asalin abin inji ne na gaske mai ƙafa huɗu, kamar tebur da aka rufe da gilashi, sunansa pinball. Ra'ayina shi ne ƙungiyarmu ta ɗalibai ta haɗa kai da sassan injiniya a ƙera mana guda ɗaya a nan makaranta. Na san wani zai ce, "Malam, muna fama da kuɗin rajista kana zancen wasa?" A yi haƙuri a ji dalilina tukuna.

Bari mu ɗauki injin Superman da kamfanin Atari na Amurka ya fitar a 1979, shekara ɗaya bayan fim ɗin Superman na 1978. Steve Ritchie ne ya tsara shi, kuma yana cikin masu faɗin jiki, wato filin wasansa ya fi na sauran faɗi. Filin katako ne da aka ɗan karkatar, ta yadda ƙwallon za ta riƙa gangarowa wajen mai wasa da kanta. Ƙwallon ta ƙarfe ce, kamar ta cikin boris amma ta fi girma, kaurinta milimita 27. Za ka ja wani sanda mai sifirin ka saki, ta haura sama. A hanyarta ta dawowa akwai wasu 'yan dunƙulalle masu kama da hular kwano da ke ture ta da ƙarfi in ta taɓa su, akwai allunan da ke nutsewa in ta buge su, kowanne da makinsa. A can ƙasa kuma ga 'yan hannuwa biyu masu roba a baki, ana ce musu filifa, da maɓalli a kowane gefen injin. Su ne makamin mai wasa. Abin da ke motsa su kwayil ne: in wuta ta bi ta cikin wayar da aka naɗe, sai ta zama maganaɗisu ta fizgi wani ɗan ƙarfe, hannun ya daki ƙwallon. Sama da duk wannan ga allon gilashi a tsaye mai hoton jarumin, fitilu a bayansa, maki na hawa.

Yanzu ku dubi abin da na lissafa. Aikin kafinta, walda, lissafin gangara da saurin ƙwallo, kwayil, makunnai, fitilu, ƙwaƙwalwar da ke ƙirga maki, da zane. Wane sashe ne a makarantar nan ba shi da hannu a ciki? Amma kowace shekara furojet ɗinmu ɗaya ne: sitabilaiza, fitilar kan titi, ƙararrawar ɓarawo, wasu ma a kasuwa ake sayo su a canza suna a bango. A kare a gaban malamai, a jefa a sito, ƙura ta ci abinta. Injin da ɗaruruwan ɗalibai za su riƙa duka kullum kuwa ba ya ɓoye ƙarya. In haɗinka bai yi kyau ba, a rana ɗaya asirinka zai tonu.

Sai babbar tambayar da na san tana zuciyar mutane da yawa: ashe wannan ba caca ba ce? Tambayar tana da tushe, domin su kansu Amurkawa sun yi ta. Injinan farko ba su da filifa. Ka sa kuɗi, ka harba ƙwallo, ka zuba ido, sa'a ce kawai, har ma ana biyan wanda ya ci. Shi ya sa a 1942 magajin garin New York, Fiorello La Guardia, ya haramta su, 'yan sanda suka bi shaguna suna kwashewa ana farfasawa da guduma. A 1947 kamfanin Gottlieb ya fito da injin Humpty Dumpty, na farko mai filifa, daga nan ƙwallon ta dawo hannun mai wasa. Duk da haka haramcin bai tashi ba sai 1976, lokacin da wani mai suna Roger Sharpe ya tsaya gaban majalisar birnin, ya faɗi inda zai aika ƙwallo, ya kuma aika ta can. Suka yarda gwaninta ce.

Har da hana maguɗi an gina a jikin injin. A ciki akwai wani ɗan ƙarfe mai nauyi da ke reto a tsakiyar zobe. In ka girgiza injin fiye da kima don ka karkatar da ƙwallo, sai ya taɓa zoben, filifa su mutu nan take, ƙwallonka ta tafi a banza. Ba alƙali, ba gardama.

Mu da muka taso a Birnin Kudu da Gwaram ai mun san wannan bambanci tun muna yara. Dattijan da ke dara a gindin bishiya ba wanda ke kallonsu da ido ɗaya da masu karta ta kuɗi a lungu. Dara ƙwaƙwalwa ce, in ka sha kashi ka san inda ka yi sake. To ku gaya mini, betin da ya cika wayoyinmu yanzu, ina filifarsa? Ka zaɓi wasanni goma na ƙasashen da ba ka taɓa zuwa ba, ka danna, ka zauna kana addu'a. Irin injin da La Guardia ya farfasa ke nan, sai dai wannan a aljihu yake, ba guduma da za ta kai gare shi. Kowa a cikinmu ya san wanda kuɗin abincinsa na wata ya tafi a haka, alhali kuwa da guminsa mahaifinsa ya sayar da buhun hatsi ko akuya a kasuwar Sara ya turo. Wa'azi kaɗai bai isa ba in bayan lacca ba abin yi sai latsa waya. Namu injin kada a sa masa ramin kuɗi, kada a biya wanda ya ci. Takarda kawai a liƙa a bango da sunan mai maki mafi yawa na mako.

Maganar wuta ma tana da amsa. Fitilun LED da ɗan allon Arduino mai ƙirga maki ba su fi ƙarfin batir da sola ba. In kwayil ya yi mana tsada a zubin farko, a yi filifa masu aiki da ƙarfin yatsa, da sanda da sifirin. Katako, roba da boris kuwa duk akwai su a wajen kafintoci da makanikan da ke bakin titin Kano zuwa Maiduguri.

Kuma ba sai mun zana Superman ba. Su Atari jaruminsu suka sa saboda shi yaransu suka sani. Mu muna da Bayajidda da macijin rijiyar Kusugu ta Daura, ga rami nan a shirye: in ƙwallo ta faɗa rijiya, maki ya ninka. Wanda ba ya son hoton mutum, ga zanen shanun da ke jikin duwatsun Birnin Kudu, irin su Dutsen Mesa da Dutsen Habude, ga kuma duwatsun nan masu amo in an ƙwanƙwasa su. A naɗi amon a sa a injin, duk bugun ƙwallo ya tashi da shi. Baƙo ya zo ya tambaya, mu sami abin faɗa.

Don haka ina kira ga shugabannin ƙungiya, musamman daraktan wasanni, da su kai wannan magana gaban shugabannin sassa kafin a raba batutuwan furojet na bana. Rukuni ɗaya na 'yan ND II daga sassa uku ya isa. A ware musu kusurwa a ɗakin hutu, a ba su zango ɗaya. In ya yi aiki mun samu abin wasa na halas da hannunmu ya ƙera. In bai yi ba, waɗanda suka gwada za su fita da ilimin da ba a sayarwa a shagon fotokwafi. Allah ya ba mu sa'a.